Tsakanin masu sharhi da masu saurare: yadda aka karɓi kundin 50 Cent na shekarar 2003

Wani ɗalibi daga Gusau, wanda yake shirya aikin kammala digirinsa a kan waƙoƙin gambara na zamani, ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce ya lura cewa kundin waƙoƙin da ya cika gari, wanda ake ji a shagon aski da bakin tasha, masu sharhi a jaridu ba su cika ɗaga shi sama ba, alhali wanda suke yi wa kirari da wuya a ji shi a wayar ɗan kabu-kabu. Ya kawo misali da kundin 50 Cent mai suna Get Rich or Die Tryin', wanda yayyensa suka ba shi labarin yadda ya mamaye ko'ina, sannan ya tambaya: wa ya fi gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu, kuma da wane ma'auni ya kamata a auna irin wannan kundi?

Ɗan'uwa mai tambaya, misalin da ka zaɓa ya dace, amma akwai gyara a cikinsa tun daga tushe. Masu sharhi ba su yi watsi da wannan kundi ba. Lokacin da ya fito a watan Fabrairun 2003, yawancin manyan jaridu da mujallun Amurka sun yaba masa, kuma shafin Metacritic, wanda yake tattara makin da masu sharhi suka bayar ya fitar da matsakaici, ya tsayar da shi a kan 73 cikin 100. Wannan maki ne na aikin da aka ce ya yi kyau. Inda tazarar take shi ne jama'a ba su tsaya a "ya yi kyau" ba. An sayi kwafi 872,000 a makon farko, duk da cewa makon bai cika ba, domin kamfanin ya matso da ranar fitowa saboda masu satar fasaha sun riga sun fara baza shi. A mako na biyu an sake sayen fiye da 800,000, abin da ba a saba gani ba, tunda bisa al'ada ciniki yakan faɗi warwas bayan ɗokin makon farko. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da sama da miliyan 6 a Amurka kaɗai, babu wani kundi na kowane irin kiɗa da ya kamo shi a wannan shekara. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce: me masu saurare suka ji wanda ya sa suka ɗauke shi abin tarihi, alhali masu sharhi suna ganinsa kyakkyawan aiki ne mai iyaka?

Abu na farko da jama'a suka saya shi ne labarin mutumin, kuma labarin ya riga kundin isa kasuwa. Curtis Jackson, wato 50 Cent, ya tashi a unguwar South Jamaica ta yankin Queens a birnin New York, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 8, kakanninsa suka riƙe shi, ya shiga sayar da ƙwaya tun yana yaro. A shekarar 2000 aka harbe shi sau 9 a ƙofar gidan kakarsa, ya rayu. Kamfanin Columbia da ya ɗauke shi ya sallame shi, ya ajiye kundin da ya riga ya gama. Maimakon ya koma gefe, sai ya shiga fitar da faya-fayan bayan fage waɗanda ake sayarwa a kan titi ba tare da kamfani ba, har ɗaya daga cikinsu ya kai kunnen shahararren mawaƙin gambara Eminem a 2002, shi kuma ya haɗa shi da mai tsara kiɗa Dr. Dre. Duk wanda ya miƙa kuɗinsa a watan Fabrairun 2003 ya san wannan tarihi, kuma kundin bai bar shi ya manta ba: hoton bango gilashi ne da harsashi ya fasa, mutumin yana tsaye a bayansa ba riga; sautin farko da za a ji ƙarar sulalla ce tana faɗuwa, sai ƙarar ɗana bindiga. Har muryarsa shaida ce, domin ɗaya daga cikin harsasan ta muƙamuƙi ya shiga, ya bar masa wani jan harshe da nauyin baki wanda ya zama tambarinsa. A fagen da kowane mawaƙi yake cewa shi ne ya ga wuya, ga wanda tabonsa yake magana kafin ya buɗe baki.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi ko da yake an fi maganar na farkon, shi ne amshi. 50 Cent da kansa ya sha faɗa cewa Jam Master Jay na ƙungiyar Run-DMC ne ya koya masa ƙirga layuka da tsara amshi tun kafin ya yi suna. Yawancin takwarorinsa na New York a lokacin sun fi ba baiti ƙarfi, su cusa kalmomi, su sarƙa amsa-amo, amshin kuma a yi shi don cika ƙa'ida ko a ɗauko wata mawaƙiya ta rera. Shi kuwa daga amshi yake fara gini, yana rera shi da kansa a sanyaye, cikin karin da yaro zai iya kamawa a ji na biyu, alhali abin da yake faɗa barazana ce tsagwaronta. Wannan haɗi na sanyin murya da zafin magana shi ne asirin kundin. Aka kuma ɗora shi a kan kiɗan da Dr. Dre da abokan aikinsa suka tace, kiɗa mai fili, marar cunkoso, wanda ganga da amon ƙasa suke fita sarai ko a ƙaramar rediyo. Waƙar In da Club ta yi mako 9 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma duk wanda ya taɓa jin ta zai iya buga tsarin kiɗanta a kan tebur da yatsu.

Mai sharhi kuwa wani aiki yake yi daban. Ana ba shi kundin ya zauna ya saurare shi daga farko har ƙarshe, waƙa 16 da ƙarin 3, ya maimaita, sannan ya rubuta. Wanda ya yi haka dole ya lura da abin da mai rawa a wurin biki ba zai lura da shi ba. Idan muka ari kayan aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana na nazarin waƙar baka, za mu ce mai sharhi yana neman turke, wato babban saƙon waƙa, da warwararsa, yana duban yadda tubalan ginin turke suke hawa kan juna. Ƙorafin da ya yi ta dawowa a sharhunan wancan lokaci shi ne turken kundin ɗaya ne kuma ba ya motsi: an so kashe ni, ban mutu ba, yanzu ni ne a sama, maƙiyana su shiga taitayinsu. Mutumin da ya buɗe kundin shi ne ya rufe shi, bai yi nadama ba, bai yi shakka ba, bai tsaya ya dubi unguwar da ta haife shi ya tambayi dalilin da ya sa take haka ba. Masu wannan ƙorafi suna da abin kwatance a hannu, domin shekara 9 kafin nan wani ɗan yankin Queens ɗin, Nas, ya fitar da Illmatic, waƙa 10 kacal, inda rayuwar titi iri ɗaya ta fito da mutanenta da tsoronta da kewar waɗanda suka mutu ko suke kurkuku. Mujallar The Source ta ba shi cikakken makinta na makirufo 5, amma ciniki ya yi ta jan ƙafa, sai a 2001 ya kai matsayin kwafi miliyan ɗaya. Ka ga ke nan ainihin hoton da ka zana a tambayarka, sai dai kundi biyu ne suka haɗu suka ba da shi.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, kuma mu mutanen wannan yanki muna da damar ganin ɗaya rabin fiye da mai sharhin New York. Ƙasar Zamfara da Kabi da Sakkwato ta san mawaƙa iri biyu tun da daɗewa. Akwai makaɗan fada irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ake zama a warware ɗiyan waƙarsu ɗaya bayan ɗaya, a tono tarihi da habaici da hikima. Akwai kuma makaɗan maza, irin su Kassu Zurmi na 'yan tauri da Ɗan Anace na 'yan dambe, waɗanda aikinsu zuga ne da kirari. Babu mai hankalin da zai je filin dambe ya ce kirarin da ake yi wa ɗan dambe bai nuna nadama ba, ko kuma gwarzon bai canja hali tsakanin farkon waƙa da ƙarshenta ba. Ba a yi kirari don ya canja ba. An yi shi don ya tsaya wuri ɗaya ya yi ta kumbura har tsikar jikin mai ji ta tashi. Kundin 50 Cent kirari ne daga farko har ƙarshe, mutum yana yi wa kansa, da zambo ga abokan gaba a tsakani, musamman Ja Rule wanda aka keɓe wa waƙa guda. Mai sharhin da ya auna shi da ma'aunin waƙar labari ya nemi abin da ba a yi masa alkawari ba. Tambayar da ta dace da kirari ita ce ko ya tayar da tsimi, kuma amsar wannan tana wurin masu saurare, sun kuwa bayar da ita.

Inda nake tare da masu sharhi shi ne tsawo. Kirarin da ya yi daɗi a minti 4 yana gajiyarwa idan ya wuce awa guda, kuma a kashi na biyu na kundin akwai waƙoƙin da ba su ƙara komai a kan na gabansu ba. Mai saurare ba ya jin wannan nauyi saboda yana tsallakewa, yana da waƙoƙinsa 5 ko 6 da yake juyawa. Mai sharhi ba shi da izinin tsallakewa. Wani ɓangare na tazarar da kake gani tsakanin maki da ciniki daga nan kawai ya taso, ba daga wani zurfin saɓani ba: ɗaya yana ba kundi maki, ɗayan yana ba waƙoƙin da ya fi so.

Kada kuma ka ɗauka masu sharhi alƙalai ne da ba su da dangi a cikin shari'ar. A daidai lokacin da kundin ya fito, ɗaya daga cikin masu mujallar The Source, wanda shi ma mawaƙi ne da ake kira Benzino, yana cikin rikici a fili da Eminem, rikicin kuma ya shafi duk wanda yake ƙarƙashin inuwarsa. Mujallar da a 1994 makinta yake kamar hatimi, a 2003 sai an tambayi wa take faɗa da shi kafin a karanta hukuncinta. Masu ba da kyautar Grammy su ma suna da nasu ɗanɗanon. A bikin Fabrairun 2004 kyautar kundin gambara ta tafi ga OutKast, wanda babu mai cewa bai cancanta ba, amma kyautar sabon mawaƙi ta tafi ga ƙungiyar Evanescence, har 50 Cent ya hau dandamali ya ratsa ta bayansu suna karɓa. Shekara 10 bayan haka masu zaɓen nan suka fifita Macklemore a kan Kendrick Lamar, abin da har wanda ya ci ya nuna bai gamsu da shi ba. Wanda zai kafa hujja da kyauta sai ya fara sanin su wane ne masu jefa ƙuri'ar.

Haka nan "masu saurare" ba mutum ɗaya ba ne, kuma a nan ne aikinka zai iya kawo abin da ba a rubuta ba. Akwai yaron South Jamaica wanda ya san kusurwar da ake magana a kai, ya san ma wasu daga cikin sunayen da ake ambata. Shi yana auna ko an faɗi gaskiya. Akwai matashin unguwannin masu hali na Amurka, wanda bai taɓa jin ƙarar harbi ba sai a fim. Tun da aka fara ƙirga ciniki da na'urar SoundScan a 1991, kundin ƙungiyar N.W.A ya hau saman jadawali a wannan shekara, kamfanoni suka gane cewa irin wannan waƙa tana da kasuwa nesa da unguwannin da suka haife ta, kuma ba a kai miliyan 6 sai da kuɗin waɗannan. Shi wannan yana sayen leƙen wata rayuwa ne daga wuri mai aminci. Sannan akwai mu. A 2003 Zamfara ta cika shekara uku da fara aiki da shari'a, amma hoton mutumin nan yana manne a bangon masu aski daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, kusa da allon da ake zaɓen irin aski, riguna masu tambarin ƙungiyarsa ta G-Unit sun cika kasuwa, faifan kuma na kasuwar Alaba ta Legas ne, mai bangon da launinsa ya zube. Yaron da bai taɓa shiga gidan rawa ba, bai san warin giya ba, yana tafe yana gunguna amshin waƙar da gaba ɗayanta a kan gidan rawa da giya take, yana cike gurbin kalmomin da bai kama ba da sautin da ya yi kama da su. Turancin unguwannin baƙaƙen Amurka ko malamin Turanci na sakandare ba ya kama rabinsa. Abin da ya iso Gusau da Birnin Kebbi shi ne kiɗa da kari da siffar namijin da aka harba bai mutu ba, kuma wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka tashi suna jin labarin waɗanda ƙarfe ba ya kama su. Wannan karɓa ce ta gaske, amma karɓar wani abu ne daban da wanda mai sharhin Rolling Stone ya saurara. A gefe guda, zuwan 50 Cent Nijeriya a Disambar 2004 an fi tuna shi da rikicin kujerar jirgi tsakanin tawagarsa da mawaƙin Nijeriya Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, kuma muhawarar da ta biyo baya a kan yadda ake fifita baƙo a kan ɗan gida ta fi duk wani sharhin waƙoƙin yawa a jaridunmu.

Game da alƙaluman ciniki, ka riƙe su, amma ka san abin da suke aunawa. A gasar kamun kifi ta Argungu sikeli ne yake raba gardama, wanda giwan ruwansa ya fi nauyi shi ya ci, kuma babu mai musu. Sai dai sikelin bai taɓa cewa komai a kan daɗin kifin ba. Ciniki yana auna waƙa tare da duk abin da aka ɗora mata: ƙarfin kamfanin Interscope, sunan Eminem wanda a lokacin babu mai sayarwa kamarsa, bidiyon da tashar MTV take juyawa dare da rana. Ma'aunin kansa ma yana canjawa. Daga ƙarshen 2014 Billboard ta fara lissafa saurare ta intanet, inda a farko ta ɗauki saurare 1,500 daidai da kundi guda, don haka lambar 2003 da ta yau ba abu ɗaya suke nufi ba: waccan mutum ne ya taka zuwa kanti ya biya, wannan kuwa tana iya zama waƙa ɗaya da aka bari tana maimaita kanta. A wurinmu matsalar ta fi haka. Dubi yadda waƙa take yawo a Ƙauran Namoda ko Jega: mutum ya kai wayarsa caji, ya miƙa wa mai shago memori ya ce a zuba masa sababbi, mai shago ya zaɓa masa daga kwamfutarsa, da yamma abokai 4 su karɓa ta Xender. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga lissafin Audiomack ko Boomplay ko jadawalin TurnTable. Mawaƙin gambarar Hausa zai iya mamaye jihohi 3 alhali lambobinsa na intanet suna nuna kamar ba a san shi ba. Mai shagon cajin nan, wanda yake yanke abin da zai shiga memorin mutum 50 a rana, ya fi kowane marubuci tasiri a kan abin da garin zai ji, kuma ya cancanci a yi hira da shi a aikin bincike kamar yadda ake yi da ma'aikacin rediyo.

Akwai reshen sharhi na uku da ba ka ambata ba, wanda a nan yankin shi ne ya fi ƙarfi, wato sharhin tarbiyya. Mai wannan sharhi bai damu da amsa-amo ko tsarin kiɗa ba. Tambayarsa ita ce me waƙar take koya wa yaro. Amurka ta yi wannan muhawara tun tsakiyar shekarun 1980, ita ta haifar da tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a bangon faifai, wanda a ƙarshe ya zama kamar talla. A Nijeriya hukumar NBC ta hana sanya waƙar Olamide mai suna Science Student a kafafen yaɗa labarai a 2018 bisa zargin tana ƙawata shaye-shaye, shi kuma ya ce gargaɗi yake yi. Mu kuwa mun riga su duka, domin a Fagada ta ƙasar Maiyama aka yi Muhammadu Gambo mai waƙar ɓarayi. An yi shekaru ana jayayya a kansa: wasu suna cewa yana zuga ɓarna, masu kare shi suna cewa madubi ne yake nuna abin da yake akwai, har da satar da ake yi da alƙalami. Malamai sun yi wa'azi a kansa, manazarta a jami'a sun yi rubutu a kan fasaharsa, direbobi kuma suna sanya kaset ɗinsa a mota suna dariya, yawancinsu ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba. Shi da kansa ya bayyana tubarsa kafin rasuwarsa. Duk gardamar da aka yi a kan 50 Cent akwai irinta a kan Gambo.

Ra'ayina a nan ba na tsaka-tsaki ba ne. Hujjar madubi tana da ƙarfi idan waƙar ta nuna abin da aka biya, wato gawa da kurkuku da uwar da aka bari. Tana raunana idan riba kawai aka nuna. Kundin 2003 yana da duka biyun, amma ribar ta fi yawa. Kuma nisa yana da tasiri a kan hukunci. Bindigar da take cikin waƙar Queens, ga mai ji a Gusau a wancan lokaci, kayan fim ce. Yau da aka yi shekaru ana binne mutane a Zurmi da Shinkafi da Maru da Anka, har aka ji waƙoƙin yabon jagororin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi, babu wanda zai saurari ƙarar ɗana bindiga a farkon faifai da kunnen da ya saurare ta a da. Mawaƙin gambarar Hausa da ya kwafi wannan salo kai tsaye zai tarar masu sauraron da suka yi wa 50 Cent uzuri ba za su yi masa ba, kuma ba munafunci ba ne, domin su sun san wanda ake harbi a tasa waƙar.

Wanda ya fi kusa da raba gardamar shi ne lokaci, kuma hukuncinsa a kan wannan kundi ya ba ɓangarorin biyu mamaki. Masu sharhi sun matso: mujallar Rolling Stone ta sanya shi a jerinta na manyan kundaye 500 da ta sabunta a 2020. Amma waƙar da ta fi yin tsawon rai a wurin mawaƙa ba ita ce wadda ta yi mako 9 a sama ba. Many Men ce, wadda ba ta yi wani tashe a jadawali a 2003 ba, kuma ita ce waƙar da kirarin ya ɗan tsage a cikinta har aka hango tsoro da addu'a da ciwon cin amana. A 2020 kaɗai, kundin Pop Smoke da ya fito bayan an kashe shi ya ɗauko amshinta, 21 Savage ma ya gina waƙa a kanta. Wato abin da masu sharhi suka ce ya yi ƙaranci a kundin, ɗan abin da aka samu daga cikinsa shi ne ya fi daɗewa, kuma masu saurare ne suka tono shi, ba marubuta ba. A ɗaya hannun, gargaɗin cewa turke ɗaya ba ya ɗaukar mutum har abada ya tabbata. Kundinsa na biyu, The Massacre, ya sayar da fiye da miliyan ɗaya a kwanakinsa na farko a 2005, ya zarce na farkon, amma yau da wuya a ji mai kawo shi a zancen manyan ayyuka. A Satumbar 2007 ya fitar da kundi rana ɗaya da Kanye West, aka mai da abin gasa, Kanye ya sayar da 957,000 shi kuma 691,000. Jama'ar da suka ɗaga shi su ne suka gaji, shekara 4 bayan masu sharhi sun faɗi dalilin da zai sa a gaji.

Ga aikin da ke gabanka, idan za ka ɗauki kundin wani daga cikin mawaƙan gambarar Hausa, irin su ClassiQ ko Morell ko DJ AB ko B.O.C Madaki, za ka tarar ɓangaren masu sharhi kusan babu kowa a cikinsa. Abin da ake kira sharhi a shafukanmu yawanci sanarwar fitowa ce da mahaɗin saukewa, sai magoya baya suna jifan juna a Facebook da TikTok a kan wa ya fi wani. Saboda haka kai ne za ka zama mai sharhin, kuma kai ne za ka tattaro muryar masu saurare. Ka fara da tantance irin waƙar, kirari ce ko labari ko zambo ko wa'azi, domin kowace da abin da ake nema a wurinta. Ka rubuta baitukan da hannunka kafin ka yanke hukunci, saboda waƙar da take gauraya Hausa da Turanci da Turancin buroka tana iya ɓoye rauninta a cikin saurin furuci, tana kuma iya ɓoye gwanintarta. Idan ka je wurin masu saurare, kada ka tambaye su ko kundin ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Ka tambayi wace waƙa suke tsallakewa, wace ce za su iya rerawa ba tare da kiɗa ba, wace ce kuma suke kashewa idan mahaifinsu ya shigo. Ka raba amsoshin ɗalibin jami'a da na ɗan kabu-kabu da na matar aure mai saurare a cikin gida, ka kuma rubuta ranar da ka yi kowace hira, domin wanda zai maimaita binciken bayan shekara 10 ya sami abin da zai gwada nasa da shi.